Daga Dandali Zuwa Buhun Yashi: Waiwaye a Kan Horon 'Yan Dambe a Abuja da Kewayenta

1.0 Gabatarwa

Wanda ya ratsa unguwannin da ke gefen birnin Abuja, irin su Dei-Dei da Gwagwa da Karmo da Zuba, ko ya tsallaka zuwa Mararraba a Jihar Nasarawa, yakan ci karo da buhu cike da yashi a rataye a reshen mangwaro, ko a jikin wani ƙarfe a bayan ɗaki. Da asuba ko da la'asar sakaliya sai a ga saurayi ya naɗe hannunsa da tsumma yana kai wa buhun nan naushi, shi kaɗai, babu makaɗi babu 'yan kallo. Abin ya zama jiki har ba a cika tsayawa a tambayi daga ina ya samo asali ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda buhun naushi ya sami gurbi a cikin horon 'yan damben gargajiya, musamman a Abuja da kewayenta. Za a dubi hanyoyin da ɗan dambe ke samun horo a ƙasar Hausa tun kafin zuwan Turawa, sannan a waiwayi asalin buhun da hanyoyin da ya biyo ya shigo Nijeriya. Daga nan za a kawo yadda ake amfani da shi a gida, da kuma iyakar abin da yake iya koyarwa. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, buhun ya zo ne domin cike giɓin da gona da mahauta da dandali suka bari lokacin da dambe ya yi ƙaura zuwa birni, kuma rabin giɓin kawai ya iya cikewa.

2.0 Horon Ɗan Dambe a Gargajiyance

Ɗaya daga cikin tsofaffin bayanan da aka rubuta a kan damben Hausawa shi ne na Baturen nan ɗan yawon bincike, Hugh Clapperton, wanda ya sauka Kano a farkon shekarar 1824, aka kuma buga labarin tafiyarsa a Landan a 1826. Ya ce ya ji labarin 'yan damben ƙasar Hausa, saboda haka ya sa wuri 2,000 domin a zo a yi wasa a gabansa. 'Yan damben suka iso tare da makaɗa biyu, mahautan gari kuma suka rufa musu baya. Ya bayyana yadda kowannensu ya fito fili yana nuna damatsansa yana kamanta kansa da kura ko zaki, da yadda aka naɗe musu hannun dama da siririn ƙyallen saƙi tun daga ɗan yatsan tsakiya. Ya kuma lura cewa suna karewa da hannun hagu a buɗe, su kai duka da na dama idan sun ga kafa, wani lokaci kuma su kai hauri da diddige.

Idan aka dubi wannan bayani za a ga cewa siffar dambe ba ta sauya sosai ba cikin shekara 200. Har yanzu hannu ɗaya ake ɗaura wa zare, wanda ake kamantawa da mashi, ɗayan kuma a bar shi a buɗe a miƙe gaba tamkar garkuwa. Har yanzu turmi uku ake yi, kuma da zarar hannun mutum ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an yi kisa ke nan. Abin da ya sauya shi ne rayuwar da ke samar da ɗan damben.

A da, wurare uku ne ke ƙera jikin ɗan dambe da basirarsa. Na farko shi ne wurin sana'a. Dambe wasa ne da aka fi danganta shi da mahauta, waɗanda a wasu sassa ake kira rundawa, kuma aikin fawa aiki ne na ƙarfi: kama sa, kayar da shi, fiɗa, saran ƙashi da gatari da ɗaukar nama zuwa kasuwa. Daɗin daɗawa, kusan kowane saurayi a karkara manomi ne. Wanda ya shafe damina yana huɗa da garma, yana noma da fartanya, ya zo kaka ya yi girbi ya ɗauki dammunan dawa da gero a ka, ba ya bukatar wani abin ɗagawa domin kafaɗarsa ta cika. Wannan ne ya sa lokacin dambe ya dace da kaka, domin a lokacin ne jiki ya gama murɗewa, abinci ya wadata, mutane kuma suna da abin yin kyauta ga 'yan wasa da makaɗa.

Wuri na biyu shi ne dandali. Yaro yakan tashi yana langa da kokawa da 'yar damben yara a farin wata, yana faɗuwa yana tashi, har ya san nauyin jikinsa, ya san yadda ake tsayuwa da ƙafa ɗaya ba a faɗi ba, ya kuma iya karanta idon abokin karawa. Ba a kiran wannan horo, wasa ake ce masa, amma a cikinsa ake koyon kaucewa da auna tazara da haƙurin jiran kafa.

Wuri na uku shi ne gaban ubangida. Saurayin da ya nuna alamar jarunta yakan bi wani fitaccen ɗan dambe, ya ɗaukar masa kaya daga wannan gari zuwa wancan, ya ɗaura masa zare, ya zauna a gefen fage yana kallon yadda yake shiga da yadda yake fita. Sunayen 'yan dambe kansu shaida ne a kan wannan dangantaka, domin akan ji Shagon wane, ko Autan wane, ko Bahagon wane, ko Garkuwan wane. Wato mutum yana shiga fage ne da sunan wanda ya rene shi. Daga hannun ubangida ake karɓar sirrin wasa da layu da magunguna, shi ne kuma mai faɗa wa yaronsa wanda zai tara da wanda zai ƙyale tukuna. Makaɗan maza su ma suna da nasu rabon a cikin tarbiyyar, domin waƙar da Muhammadu Bawa Ɗan'anace ya yi wa Shago, alal misali, ta zama ma'aunin da samari da yawa suka riƙa auna jaruntarsu da shi.

3.0 Asalin Buhun Naushi da Shigowarsa Nijeriya

Dukan buhu domin horo tsohon abu ne a duniya. Girkawan dauri suna da wata jakar fata da suke cikawa da yashi ko gari ko 'ya'yan ɓaure, su rataye ta a ɗakin motsa jiki domin 'yan dambensu. Amma buhun da aka sani a yau ya bunƙasa ne tare da damben Turawa, wato boksin, bayan da aka wallafa ƙa'idojin Queensberry a Ingila a 1867. Waɗannan ƙa'idoji ne suka tilasta sa safar hannu, suka ƙayyade kowane zagaye a kan minti uku da hutun minti ɗaya. A kan wannan tsari aka gina darussan dukan buhu: hannu biyu a dunƙule, duka a jere, agogo yana ƙirga.

Boksin ya shigo Nijeriya a zamanin mulkin mallaka ta barikokin soja da na 'yan sanda da makarantu da kulob-kulob na birane, musamman Ikko. Ya sami karɓuwa ƙwarai bayan da Hogan Bassey ya zama zakaran duniya a ajinsa a birnin Faris a 1957, Dick Tiger kuma ya bi sahu a 1962, har ya kare kambunsa a filin wasa na Liberty da ke Ibadan a 1963. A 1964 Nojim Maiyegun ya ciyo wa Nijeriya lambarta ta farko a wasannin Olamfik, ta tagulla, a Tokyo, kuma a boksin ya ciyo ta. Tun daga wannan lokaci hoton ɗan dambe a gaban buhu ya zama sananne a jaridu.

Hanya ta biyu ita ce silima. A shekarun 1970 gidajen silima na Kano da Kaduna da Zariya da Sakkwato sun cika da finafinan kareti na Hong Kong, waɗanda ba su rasa nuna jarumi yana horar da kansa a keɓe kafin ya je ɗaukar fansa. A fim ɗin Rocky na 1976 har an nuna ɗan boksin yana naushin gangar jikin sa da aka rataye a ma'ajiyar nama. Irin waɗannan hotuna suka cusa wa samari tunanin cewa mutum na iya gina kansa shi kaɗai a bayan gida.

Harshe ma yana ba da shaida a kan cewa wannan salon horo baƙo ne. Kalmomin fagen dambe na gida ne: kisa, turmi, zare, shago, kirari, take, Sarkin Dambe. Kalmomin da ke tattare da buhu kuwa yawancinsu na aro ne daga Ingilishi, kamar atisaye da tirenin da koci. A duk inda aka ga kalmomin wani sashe na al'ada sun zama na aro alhali na sauran sassan na gida ne, alama ce ta cewa wannan sashen daga baya ya shigo.

4.0 Dambe a Sabuwar Abuja

Hausawa ba baƙi ba ne a wannan yanki. Bayan da masu jihadi suka ci Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yiwo kudu da jama'arsa ya zauna a wajen Zuba, ƙanensa Abu Ja kuma ya kafa garin Abuja a 1828. Wannan gari ne aka sauya wa suna zuwa Suleja bayan da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa Yankin Babban Birnin Tarayya da doka mai lamba 6 ta ranar 3 ga Fabrairu, 1976, aka ba sabon birnin tsohon sunan. Gwamnati ta tare a Abuja a ranar 12 ga Disamba, 1991.

Ginin birnin ya jawo dubban samari daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zamfara da Kabi da ma Jamhuriyar Nijar. Wasu leburori ne a wuraren gini, wasu 'yan dako, wasu 'yan ga-ruwa, wasu mahauta da masu tsire. Tsadar haya a tsakiyar birni, da rushe-rushen da aka yi tsakanin 2003 da 2007, da hana acaɓa a cikin birni a 2006, duk sun taru sun tura waɗannan samari zuwa garuruwan gefe. Dei-Dei, wadda ke kan hanyar Kubwa zuwa Zuba, ta tara kasuwar dabbobi da mayanka da kasuwar kayan gini da ta katako. Ba abin mamaki ba ne da dambe ya yi saiwa a nan, tunda inda duk mahauta suka taru, kalangu ba ya nisa. A shekarun 2010 Sashen Hausa na BBC ya riƙa kawo sakamakon wasannin da ake yi a gidan damben Ali Zuma da ke Dei-Dei da na Idi Bamɓarewa da ke Marabar Nyanya, inda 'yan wasan ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramaɗa ke karawa.

Sai dai damben da aka samu a nan ya bambanta da na karkara ta fuska uku. Na farko, ya rabu da kaka. Gidan dambe wuri ne da aka kewaye, ana biyan kuɗin shiga, ana wasa mako-mako a yawancin shekara. Saboda haka dole jikin ɗan wasa ya kasance a shirye kullum, ba tare da damina ta gina shi ba. Na biyu, ya rabu da gona. Wanda ke tuƙa babur ko tsaron shago ko gadi a Abuja ba ya samun aikin da zai murɗa masa kafaɗa kamar garma. Na uku, dandali ya ɓace. A unguwar da ake hayar ɗaki ɗaya mutum huɗu ko biyar, kowa da garin da ya fito, kowa kuma da lokacin da yake dawowa daga nema, babu filin da sa'o'i za su taru a farin wata su gwada juna.

Bayan haka, dambe ya shiga hannun hukuma da na 'yan kasuwa. Yana cikin wasannin gargajiya da ake yi a Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda aka fara a Ikko a 1973, Abuja kuma ta karɓi baƙuncinsa a 2018. Daga 2017 tashar Dambe Warriors ta fara yaɗa wasannin a YouTube, mutanen ƙasashen waje suka fara kallo. Da kuɗi da suna suka ƙaru, sai bukatar horo na yau da kullum ta ƙaru. A wannan hali ne buhun yashi ya zama abokin saurayin da ba shi da gona, ba shi da dandali, wani lokaci ma ba shi da ubangida.

5.0 Yadda Ake Horo da Buhu a Gida

Buhun da ake sayarwa a kantin kayan wasanni ya fi ƙarfin aljihun yawancin waɗannan samari, don haka da kansu suke haɗa nasu. Akan sami buhun shinkafa ko na masara, a zura ɗaya cikin ɗaya domin kada ya yage, a zuba yashi, a ɗaure bakin da igiya mai ƙwari a rataye. Buhun shinkafa mai cin kilo 50 idan aka cika shi da yashi zalla nauyinsa kan kusan ninkawa, kuma yashin yakan taru a gindi ya daskare, balle idan ruwa ya taɓa shi. Waɗanda suka san kan abin sukan gauraya yashin da garin katako ko tsummoki, abin da ba ya wuyar samu a kusa da kasuwar katako ta Dei-Dei. Akan daidaita tsayinsa yadda tsakiyarsa za ta yi daidai da ƙirjin mai dukan. Wasu kuma tsohuwar tayar mota suke ratayewa a madadinsa.

Ɗan damben gargajiya ba ya ɗaukar darussan boksin yadda suke, sai ya lanƙwasa su su dace da wasansa. Ana iya kasa abin da yake yi gida huɗu. Akwai awon tazara, inda yake tsayawa irin tsayuwar fage, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, ya miƙa hannun kariya a buɗe ya taɓa buhun, sannan ya sako hannun duka daga baya. Akwai maimaita duka iri ɗaya, ko na miƙe, ko na gefe, ko wanda ke tasowa daga ƙasa, har sai ƙarfin ya riƙa fitowa daga ƙafa da ƙugu maimakon kafaɗa kaɗai. Akwai zagaye, inda yake tura buhun ya yi lilo, shi kuma yana kewaya shi, ya kauce idan ya taho, ya bi shi idan ya koma. Sannan akwai hauri, domin dambe ya yarda da dukan ƙafa, kamar yadda Clapperton ya gani tun 1824. A kan waɗannan akan ƙara gudu da asuba, da tsallen igiya, da ɗaga ƙarfen da aka zuba wa siminti a gwangwani biyu.

Amfanin wannan horo a bayyane yake. Yana ƙara nauyin duka, yana tsawaita numfashi, yana sabar da hannu da zafin haɗuwa da abu mai tauri. Ba ya cin kuɗi, ba ya jiran kowa, kuma Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

6.0 Abin da Buhu Ba Ya Koyarwa

Duk da haka, akwai abubuwa da buhu ba zai taɓa koya wa ɗan dambe ba, kuma su ne ginshiƙin wasan. Da farko, buhu ba ya kaucewa. Duk dukan da aka kai masa yana tare shi, ya tsayar da jikin mai dukan. A fage kuwa abokin karawa yana gocewa, kuma wanda ya saba jibga dukkan nauyinsa a kan abin da ke tare shi, ranar da ya kai duka ya sami iska, nauyin nasa ne zai ja shi gaba. A boksin wannan kuskure ne da ake iya gyarawa a zagaye na gaba. A dambe kuwa, inda taɓa ƙasa da hannu ko gwiwa ke yanke hukunci, yana iya zama ƙarshen wasa.

Na biyu, buhu ba ya ramawa. Saboda haka mai dukansa yakan manta da hannun kariya, ya bar shi ya sauka, ko ya dunƙule shi ya riƙa duka da shi irin na 'yan boksin. Alhali kuwa rabin dambe yana cikin wannan buɗaɗɗen hannu: da shi ake auna tazara, da shi ake rufe wa abokin karawa ido, da shi ake ture dukansa. Ba a koyon aikinsa sai a gaban mutum mai rai.

Na uku, buhu ba ya koyar da jira. A al'adance turmi ba shi da ƙayyadadden lokaci, kuma 'yan wasa biyu kan daɗe suna kallon-kallo kafin ɗaya ya saki hannu. Darussan da aka gina a kan agogon minti uku suna koyar da yawan duka, dambe kuwa yana son duka ɗaya da ya faɗa a kan gaɓa.

Akwai kuma batun lafiya. Ƙasusuwan bayan hannu ƙanana ne, kuma dukan daskararren yashi da hannun da ba a naɗe da kyau ba yana jawo targaɗe a wuyan hannu ko karaya a ƙashin da ke bayan ƙaramin yatsa. Ga saurayin da ya baro garinsu domin ya yi dako ko fawa ya aika wa iyaye da abin cefane, hannun da yake dambe da shi, shi ne hannun da yake ci da shi. A da ubangida ne ke duba ɗaurin yaronsa, ya ce masa ya isa haka, ya hana shi shiga fage da rauni. Wanda ya koyi dambe daga buhu da wayar hannu ba shi da mai ce masa ya dakata.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa horon ɗan dambe a gargajiyance yana cikin sana'arsa da wasan ƙuruciyarsa da biyayyarsa ga ubangida. An ga yadda buhun naushi ya biyo boksin da silima ya shigo, da yadda zaman Abuja ya ba shi gurbi, domin a nan dambe ya rabu da kaka da gona da dandali. Buhun ya maye gurbin garma da gatari wajen gina jiki, kuma ya yi wannan aiki yadda ya kamata. Gurbin dandali da na ubangida ne har yanzu yake a buɗe.

Saboda haka yana da kyau masu gidajen dambe da sarakunan dambe da hukumomin wasannin gargajiya su keɓe ranakun da tsofaffin 'yan wasa za su riƙa zama da masu tasowa, su gwada musu tsayuwa da kariya da ɗaurin zare, su kuma haɗa su da sa'o'insu a wasan gwaji mara kisa. Haka kuma akwai aiki a gaban manazarta harshe da al'ada na tattara kalmomin fage da dabarun horo daga bakin waɗannan tsofaffi tun suna raye, domin mafi yawan abin da suka sani ba a rubuce yake ba.